Kiyaye Lafiyar Haƙori da Baki: Darasi Domin Hakimai da Malamansu na Yankin Ɗangora

An shirya wannan darasi domin Hakiman Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, Allah ya ba su nasara, da Dagatansu, da Malaman da ke riƙe musu littattafai. Abin da ake nufi shi ne su san yadda haƙori ke lalacewa, da abin da likita ke yi in ya duba baki ya wanke shi, da kuma hanyar da za su bi su jawo hankalin talakawansu su riƙa kai bakinsu a duba tun ciwo bai zo ba.

Kowa ya sani mutanenmu ba su neman likitan haƙori sai kumatu ya kumbura, barci ya gagara, tuwo ya ƙi ciwuwa. A lokacin nan kuwa sau da yawa ba abin da ya rage sai cirewa. Manomin da ciwon ya kama a tsakiyar damina yakan bar gonarsa kwanaki, ya biya kuɗin mota zuwa birni, ya komo da giɓi. Yaron da aka yi sakaci da bakinsa kuwa, wani lokaci ransa ne ke tafiya, kamar yadda za a bayyana a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na shekarar 2022, ta ƙiyasta mutane wajen biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, watau kusan rabin mutanen duniya, alhali kuwa yawancin cututtukan nan ana iya tsare su da ɗan abu kaɗan.

1. Haƙora da ƙirarsu

Allah ya ba ɗan Adam haƙora jeri biyu a rayuwarsa. Na fari guda 20 ne. Sukan soma fitowa tun jariri yana da kamar wata 6, su cika kafin ya kai shekara 3 ko kusa da haka. Daga shekara 6 yaro yakan soma famfara, har zuwa wajen shekara 12, na manya su maye gurbin na yarinta. Na manya guda 32 ne: na gaba 8 masu gutsura, fiƙa 4 masu yaga, da 20 masu tauna, ƙananansu 8, manyan turame 12. Huɗu na can ƙurya ba su fitowa sai mutum ya doshi shekara 17 zuwa 25.

Akwai abu guda da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Turmin fari na manya yakan fito ne yaro yana shekara 6, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka sai a ɗauka na yarinta ne, in ya rube a ce ai zai faɗi wani ya fito. Ba wanda zai fito. In ya tafi ya tafi ke nan.

Kowane haƙori yana da kai da saiwa. Kan yana lulluɓe da wani farin ɓawo wanda duk jikin mutum ba abin da ya kai shi tauri. Ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe mai kama da ƙashi, wanda bai kai shi tauri ba. A tsakiya kuma akwai rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Saiwa tana kafe cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi kuma ya rufe wuyan haƙorin. Ɓawon nan ba shi da jijiya, don haka ruɓa takan daɗe tana cin sa mai shi bai ji kome ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake bukatar wani mai sani ya duba, domin ido yakan ga ɓarnar tun kafin jiki ya ji ta.

2. Abin da ke huda haƙori

Mutanen da, a nan da sauran ƙasashe, sun ɗauka tsutsa ce ke cin haƙori. Har yanzu akan ga mai magani a kasuwa yana turara bakin mutum da hayaƙi, sa'an nan ya nuna masa wasu fararen abubuwa cikin ruwa, ya ce ga tsutsar ta fito. Wannan damfara ce. Babu tsutsa cikin haƙori.

A shekarar 1683 wani mutumin ƙasar Holan mai suna Liwanhuk ya kankare dattin haƙoransa ya duba da madubin da ya ƙera, ya ga ƙananan halittu masu motsi waɗanda ido ba ya gani. A 1728 wani likitan Faransa, Fiyer Foshar, ya wallafa babban littafinsa na aikin haƙori, ya ƙi yarda da zancen tsutsa, ya kuma zargi kayan zaƙi. A 1890 Likita Mila, mutumin Amurka da ke aiki a birnin Balin na Jamus, ya bayyana yadda abin ke aukuwa.

Ga yadda yake. Kullum wani farin datti mai danƙo yana taruwa a jikin haƙori, musamman a wuyansa da tsakanin haƙora da cikin kwarin turame. In mutum ya sa farce ya kankara da safe zai gan shi. Danƙon nan cike yake da ƙwayoyin cuta. Duk sa'ad da mutum ya sa zaƙi a baki, sai ƙwayoyin su ci sukarin su fitar da wani ruwa mai tsami, shi kuwa ya shiga narkar da ɓawon haƙori har tsawon kamar rabin sa'a. Bayan haka miyau yakan wanke tsamin, ya mayar wa ɓawon abin da ya rasa. Amma in ana ta maimaita zaƙin, alewa yanzu, shayi an jima, lemon kwalba da la'asar, miyau ba ya samun zarafin gyara. Da fari sai wani farin tabo ya bayyana, daga nan ya yi duhu, daga nan ya zama rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ramin ya wuce ɓawo, mutum ya fara jin tsami in ya sha ruwan sanyi. In ya kai ga jijiya, ga zogi mai hana barci. In jijiyar ta mutu, ciwon yakan lafa, mai shi ya zaci ya warke, alhali mugunya ce ke taruwa a ƙarshen saiwa.

3. Ciwon dasashi da tsatsar haƙori

Danƙon da aka ambata yana da ɓarna ta biyu. In ya kwana a wuyan haƙori ba a goge ba, dasashi yakan yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini in an taɓa shi da asuwaki. Lafiyayyen dasashi ba ya jini. Wanda ya ga jini kada ya daina gogewa, wurin nan ne ma ya fi bukatar a tsabtace shi a hankali.

In danƙon ya daɗe, sinadaran da ke cikin miyau sukan daskarar da shi ya zama kamar dutse, tamkar farin abin nan da ke kama gindin butar shayi. Shi ne muke kira tsatsar haƙori. Ta fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen turame na sama, domin nan ne miyau ke ɓuɓɓugowa. Goro da taba da shayi sukan rina ta ta koma ja ko baƙa. Da zarar ta daskare, asuwaki ko buroshi ba su iya fitar da ita, sai ƙarfen likita.

Tsatsar nan gida ce ga ƙwayoyin cuta. A hankali dasashi yakan saki haƙori, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa zaizayewa, baki ya yi wari, haƙora su yi tsawo, su yi girgiɗi, su zube ɗaya bayan ɗaya ba tare da ko rami a jikinsu ba. Mutane sukan ce tsufa ne. Lalle tsufa kaɗai ba ya zubar da haƙori, ga dattawa nan da suka haura shekara 80 suna fasa goro da nasu. Ƙashin da ya zaizaye ba ya komowa yadda yake, amma ana iya tsayar da ɓarnar in an tare ta da wuri. Masu shan taba da masu ciwon sukari su ne cutar ta fi yi wa saurin ɓarna, ita kuma takan ƙara wahalar da mai ciwon sukari wajen daidaita jininsa.

4. Abin da ake yi wa mutum in ya je dubawa

Yawancin tsoron da jama'a ke yi na rashin sani ne, saboda haka ya kamata Malamin Hakimi ya san aikin daki-daki don ya bayyana musu.

Da fari likita zai tambayi mutum lafiyar jikinsa: ko yana da ciwon sukari, ko hawan jini, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko mace tana da ciki, da irin maganin da yake sha. Wajibi ne a faɗi gaskiya. Sa'an nan ya sa ɗan madubi ya duba haƙora ɗaya ɗaya, ya auna zurfin dasashi, ya duba harshe da ganɗa da cikin kumatu da ƙarƙashin harshe, ya shafa wuya ko akwai kaluluwa. In ya yi shakkar wani wuri sai ya sa a ɗauki hoto.

Bayan haka sai wankewa. Akan kankare tsatsar da ƙananan ƙarafa na hannu, ko da wata na'ura mai karkarwa tana fesa ruwa, sa'an nan a goge haƙoran su yi santsi don kada datti ya yi saurin kamawa. Aikin bai cika wuce sa'a guda ba, kuma galibi ba a bukatar allura. Akwai ma'aikatan da aka horar musamman domin wannan, ba lalle sai babban likita ba. Kayan aikin kuwa akan dafa su cikin tukunyar tururi kafin a taɓa wani da su.

In an ga ɗan rami sai a share shi a cike, haƙori ya ci gaba da aikinsa shekaru. Akwai ma wata hanyar ciko da aka soma gwadawa a ƙasar Tanzaniya wajen tsakiyar shekarun 1980, wadda ake yi da kayan hannu kaɗai, ba wutar lantarki, ba injin huda. Ta dace ƙwarai da ƙauyuka da makarantu.

Akwai maganganu uku da ke yawo waɗanda ya kamata a kashe su. Na ɗaya, wai wankewa tana sa haƙori girgiɗi ko ta buɗe wushirya. Abin da ke faruwa shi ne tsatsar ta riga ta cinye wurin ta zauna a ciki, da aka ɗauke ta sai ɓarnarta ta bayyana. Ɗan tsamin da akan ji bayan wankewa yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Na biyu, wai cire haƙorin sama yana makantar da ido. Ba haka ba ne, mugunyar da aka bari a haƙorin sama ita ce ma ke iya hawa wajen ido. Na uku, wai mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori. Dasashin mai ciki ya fi saurin kumbura da jini, dubawa da wankewa kuwa ba su cutar da ita ko abin da ke cikinta.

5. Sau nawa za a je?

Abin da aka saba faɗa shi ne kowane wata 6. Amma mutane ba ɗaya suke ba. A Ingila, a shekarar 2004, hukumar da ke tsara ƙa'idodin magani ta ba da shawara likita ya yanka wa kowa tazararsa gwargwadon halin bakinsa, daga wata 3 har zuwa wata 24 ga manya, yara kuwa kada a wuce wata 12. Bincike na baya ya nuna wanda bakinsa ke lafiya lau, yana kuma gogewa sosai, ba lalle ne a kankare masa haƙora kowane wata 6 ba.

Domin jama'armu, waɗanda da yawansu ba a taɓa duba bakinsu ba ko sau ɗaya, ga shawara mai sauƙin riƙewa. Kowa ya je karo na fari ba da jinkiri ba, daga nan likita ya faɗa masa ranar komawa. In ba a faɗa ba, kada shekara ta zagayo bai koma ba. Mai ciwon sukari, da mai shan taba, da wanda dasashinsa ke jini, da wanda aka taɓa yi wa ciko, su je kowane wata 6. Mai ciki ta nemi a duba bakinta cikin zuwanta awo. Jariri a kai shi tun haƙorinsa na fari ya fito, kada ya wuce shekara 1.

Lokacin da ya fi dacewa ga manomi shi ne bayan kaka, sa'ad da amfani ya shigo gida, akwai ɗan kuɗi a hannu, hanya kuma ta bushe. Maniyyaci ya gyara bakinsa kafin tafiya Hajji, mai rami a haƙori kuma ya cike shi kafin azumi ya kama.

6. Aikin da ke kan kowa a gida

Likita sau ɗaya ko biyu zai ga bakin mutum a shekara, sauran kwanakin duk a hannun mai bakin suke. Mu kuwa addini ya riga ya sauƙaƙa mana, domin kurkure baki sunna ce cikin alwala, asuwaki kuma yana cikin mustahabbanta, kamar yadda kowane almajiri ya karanta a Ahalari. Asuwaki na itacen kirki, irin su darbejiya da marke da saiwar nan da alhazai ke kawowa daga Makka, yana fitar da danƙo sosai in an iya aiki da shi. A tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya ɗaya daga dasashi zuwa kai, ciki da waje, har turamen ƙurya. A yanke bakin da ya tsufa kullum. Riƙe shi a gefen baki ana hira ba gogewa ba ne.

Abin da asuwaki ba shi da shi isasshe shi ne wani sinadari da ake kira fulorayid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori ya jure wa tsami. An soma zuba shi cikin ruwan famfo na garin Giran Rafids a Amurka a 1945, aka ga ruɓar haƙoran yara ta ragu ƙwarai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fulorayid cikin jerin magungunan da ba a so kowace ƙasa ta rasa. In za a saya a duba jikin kwalin, a ga an rubuta 1000 zuwa 1500, a ga kuma lambar NAFDAC. A goge sau 2 a yini, minti 2, da buroshi mai laushi, na dare kafin barci shi ya fi muhimmanci domin miyau yakan ragu in ana barci. In an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa, don maganin ya zauna. Yaron da bai kai shekara 3 ba a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, babba kuma ya tsaya a kansa. A sake buroshi bayan wata 3, kada kuma mutum biyu su yi tarayya a guda. Gawayi da toka da yashi suna sa haƙori haske na ɗan lokaci, amma suna cinye ɓawonsa.

Game da zaƙi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada babba ya wuce wajen giram 50 na sukari a yini, watau kamar ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Gwangwani ɗaya na lemo yakan ƙunshi har cokali 10. A lissafa da na shayi da kunu da zoɓo da fura, da alewa da biskit da mazarƙwaila. In za a ci zaƙi a ci shi tare da abinci, kada a yini ana tsotsa. Kada a kwantar da jariri da bulumboti mai ruwan zaƙi a bakinsa.

7. Bakin yara da cutar noma

Uwaye sukan jingina zawo da zazzaɓi mai zafi ga fitowar haƙori, su zauna jiran ya fito. Fitowar haƙori takan kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma ba ta kawo gudawa ko zafin jiki mai tsanani. Yaron da ke wannan hali wata cuta ce ke damunsa, a kai shi asibiti. A guji kuma ɗura wa jarirai magungunan haƙori barkatai. A ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani irin maganin nan mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya kashe yara 84 a Nijeriya.

Cutar da ta fi kowace muni ita ce wadda likitoci ke kira noma. Sunan daga harshen Girka yake, ba shi da dangantaka da noman gona. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan soma ne da ɗan gyambo a dasashi, da jini, da wari mai tsanani, da dalala. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, wani baƙin tabo ya fito, nama ya ruɓe ya zube, har ƙashi ya bayyana. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998, yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma wajen 9 cikin 10 na waɗanda ba a yi wa magani ba sukan mutu. Ba iska ba ce, ba sammu ba, ba a kuma ɗaukarta daga wani. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Waɗanda ta riga ta ɓata wa fuska, akwai asibiti na musamman a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, inda ake yi musu aikin gyara. Nijeriya ce ta jagoranci roƙon da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, a watan Disamba 2023.

Saboda haka kowace uwa ta riƙa buɗe bakin ɗanta tana dubawa, musamman lokacin yaye da bayan kowace rashin lafiya.

8. Abin da ba a jira da shi

A gaggauta kai mutum asibiti ko da tsakar dare ne in kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko ya hau wajen ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya. Irin wannan kumburi yana iya shaƙe mutum. Haka kuma yaro mai warin baki da kumburin kumatu. Gyambon baki ko na harshe da ya wuce mako 2 bai warke ba, ko da ba ya ciwo, a nuna wa likita, don ciwon daji yakan soma da haka, musamman ga masu taba.

In haɗarin babur ko faɗuwa ya fizge haƙorin babba ɗungum, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi kaɗan a mayar raminsa, ko a sa shi cikin madara, a kai ga likita cikin sa'a guda. Sau da yawa yakan kama. Haƙorin yarinta ba a mayar da shi.

Kada a ɗiga ruwan batir ko fetur a ramin haƙori, kada a danna ƙwayar asfirin a dasashi, duk ƙuna suke yi. Kanumfari yana rage zogi, amma ba ya cike rami. Kada kuma a ba da baki ga mai cire haƙori a kasuwa. Ƙarfen da ya shiga bakin mutum goma ba a dafa ba yana iya raba musu ciwon hanta da ƙanjamau, saiwar da ya karya ya bari kuma takan zama mugunya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

9. Aikin Hakimi da Malaminsa

An riga an ga abin da Sarakuna ke iyawa. Da hannunsu aka yaƙi shan inna gida gida, har Jihar Kano ta ga ainihin ƙwayar cutar karo na ƙarshe a 2014, aka kuma tabbatar da Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta 2020. Hanyar nan ita za a bi.

Na ɗaya, Hakimi ya fara kai nasa bakin a duba, da na iyalinsa, ya faɗa a majalisa. Gani ya kori ji.

Na biyu, Malamin Hakimi ya je wurin shugaban sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma ya rubuto asibitin da ya fi kusa mai ɗakin haƙori, da ranakun aikinsa, da kuɗin dubawa da wankewa da ciko, ya lika a ƙofar Hakimi, ya aika wa kowane Dagaci. Aikin da ya fi ƙarfin asibitin gunduma akan tura shi Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Na uku, garuruwa masu nisa, irin su Riruwai da Falgore da Burum-Burum, Hakimi ya rubuta takardar roƙo a turo ma'aikata su zauna yini guda a makaranta ko ɗakin shan magani, a daidaita da ranar kasuwa, kamar yadda za a yi a Kwanar Ɗangora da Tiga. Mai shela ya sanar tun da sauran mako guda.

Na huɗu, a roƙi Limamai su yi bayani ranar Juma'a, Malaman allo da na firamare su riƙa duban bakin yara, ungozoma su faɗakar da mata a gidan suna. Wanzamai a jawo su da girmamawa, a nuna musu alamun noma, domin sau da yawa su ake fara kai wa yaro. Ranar 20 ga Maris ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, 20 ga Nuwamba kuma ranar noma ta Nijeriya, duka biyu sun dace da taron faɗakarwa.

Na biyar, Malami ya buɗe shafi a littafinsa mai gida shida: gari, Mai Unguwa, shekarun mara lafiya, alamar da aka gani, ranar da aka tura shi asibiti, da abin da ya biyo baya. Labarin yaro mai alamar noma kada ya kwana a hannun Mai Unguwa. In iyaye ba su da kuɗin mota, a nemo musu daga masu hali. Duk wannan da lallashi za a yi shi, ban da tilas, ban da tara.

Tambayoyin bita

1. Haƙora nawa ke ga yaro, nawa ke ga babba, kuma wane haƙorin manya ne ke fitowa a shekara 6?
2. Don me rami ke daɗewa a haƙori mai shi bai ji ciwo ba?
3. Mece ce tsatsar haƙori, wa ke iya fitar da ita?
4. Yaya za ka amsa wa mai cewa wankewa tana sa haƙori girgiɗi?
5. Faɗi alamu huɗu na farkon cutar noma, da abin da Mai Unguwa zai yi in ya gan su.
6. Wane asibiti mai ɗakin haƙori ne ya fi kusa da gundumarka, yaushe yake aiki?

Ana roƙon kowane Malamin Hakimi ya karanta wa Dagatai wannan darasi a taronsu na gaba, su kuma su isar ga Masu Unguwanni. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara wa Sarakunanmu lafiya da adalci, ya kiyaye mana 'ya'yanmu, amin.